Haƙƙin Wanda Ake Kallo

Ranar 12 ga Nuwamba, 2023, da labarin rasuwar Usman Baba Pategi ya bazu a ƙasar Hausa, mutane kaɗan ne suka ambaci wannan suna. Abin da ke bakin kowa shi ne Samanja ya rasu. Haka aka yi a watan Maris na 2025, sa'ad da Abdullahi Shu'aibu ya cika a Jos, aka yi ta yi wa juna ta'aziyyar Karkuzu. Sunan da aka yanka wa rago ya koma baya, na wasa ya maye gurbinsa, har ya raka mai shi kushewa. Wannan alamar ƙauna ce, ba na kuma ganin aibinta. Sai dai tana tayar mini da wata tambaya: idan jama'a sun sake wa ɗan wasa suna ya kuma amsa, mene ne kuma suke da iko da shi a rayuwarsa? Aurensa da mutuwar aurensa, cutarsa da talaucinsa, duk sun zama namu ke nan, don kawai mun san fuskarsa?

Kafin a amsa, ya kamata a tuna cewa Bahaushe ya san kwaikwayo tun kafin zuwan akwatin talabijin. Yaran da ke tashe a watan azumi sukan manna gemun auduga su zama tsofaffi, ko su ɗauki tarkacen saiwoyi su zama masu magani. A fada akwai wasan gauta, inda mata kan kwaikwayi sarki da fadawansa, a yi dariya, mai hankali ya tsinci abin gyara. Ɗankama kuma ya ari rigar malanta ya yi ta karatun tuwo da miya a kasuwa. Duk waɗannan wasanni suna da iyaka. Da azumi ya wuce yaro ya cire gemunsa ya koma makaranta, ba wanda zai bi shi gida ya ce tun da ya yi tsoho jiya, dole ya yi dattako yau. Kowa ya san ɗan wane ne, ya kuma san inda wasa ya tsaya.

Talabijin ce ta share wannan iyaka. Tun da aka buɗe tashar Kaduna a 1962, sannu a hankali ɗan wasa ya zama baƙon da ke shiga ɗakunan mutanen da bai taɓa gani ba, mako bayan mako. Mu da muka tashi a Tudun Wadar Zariya mun san yadda yaran layi guda kan cika tsakar gidan mai akwati ɗaya tilo, ana jiran a sa Samanja ko Karambana. Marigayi Kasimu Yero, wanda ya rasu a 2017, ɗan Zariya ne, don haka mukan ji kamar namu ne ya shiga akwatin, ko a Karambana, ko a Magana Jari Ce, ko a wasan Turanci na Cock Crow at Dawn. Yau kuma, tun bayan kafa tashar Arewa24 a 2014, shirye-shirye masu dogon zango irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in da Labarina sun sa mutum na iya shafe shekaru yana ganin fuska ɗaya da suna ɗaya da hali ɗaya. Wanda kake gani duk mako tsawon shekaru, zuciya ba ta ɗaukarsa baƙo. Sai dai sabon na gefe ɗaya ne: mun san shi, shi bai san mu ba, kuma abin da muka sani ɗin ma rubuta masa aka yi.

A nan sana'ar ɗan wasa ta bambanta da sauran sana'o'i. Tela yakan ɗinka riga ya miƙa, rigar ta tafi ta bar shi. Marubuci ma haka. Alhaji Abubakar Imam, wanda ya zauna a unguwar nan tamu, ya ƙirƙiri maci amanar Waziri a Magana Jari Ce, amma ba a taɓa jin wanda ya zargi Imam da cin amana ba, domin takarda ta shiga tsakaninsa da abin da ya ƙaga. Shi kuwa ɗan wasa ba shi da allura ko alƙalami. Fuskarsa da muryarsa da tafiyarsa su ne kayan aikinsa, kuma da su zai je kasuwa, da su zai shiga masallaci, da su zai je neman aure. Ba ya iya rataye su a wurin aiki ya koma gida. Shi ya sa wanda ya ƙware a fitowa mugu yakan sha harara a hanya, wadda ta saba fitowa muguwar kishiya a riƙa yi mata kallon mai raba aure. Wanda kuma ya saba fitowa malami ko mutumin kirki, nasa nauyin ya fi, domin ranar da aka ga ya yi kuskure irin na kowa, sai a ji kamar ya yaudari jama'a. Ƙwarewar da muke yaba masa ita ce kuma ke ja masa tuhuma.

Masu ganin jama'a na da haƙƙin sa ido a kan rayuwar 'yan wasa suna da hujjoji, kuma ba na wasa ba ne. Ta farko, 'yan wasanmu da bakinsu suke cewa faɗakarwa suke yi, wasu ma su ce tarbiyya suke koyarwa. Wanda ya hau kan tudu ya ce a saurare shi zai gyara halin mutane, bai kamata ya yi mamaki ba in an duba nasa halin. Ta biyu, yara na koyi da su a ɗinki da magana da tafiya, kuma uban da ya damu da wanda ɗansa ke kwaikwayo bai yi shisshigi ba. Ta uku, suna shi ne jarin ɗan wasa. Da shi ake ba shi talla, da shi 'yan siyasa ke nemansa, wasu kuma da hannunsu suke baza hotunan gidajensu da motocinsu da bukukuwansu a Instagram da TikTok don mabiya su ƙaru. Kowa ya ci ladan kuturu, in ji Hausawa, dole ya yi masa aski.

Na yarda da waɗannan hujjoji gwargwadon inda suka kai, amma ba su kai inda ake ja su ba. Tsarin gidan Bahaushe ya isa ya nuna mana wurin tsayawa. Akwai ƙofar gida, inda kowa ke wucewa ya ga abin da ake yi. Akwai zaure, inda baƙo ke yin sallama ya jira, a fito a same shi. Sannan akwai cikin gida, inda ba mai shiga sai da izini, komai kusancinsa da maigidan. Aikin ɗan wasa ƙofar gida ne: don a kalla aka yi shi, kowa na da damar ya yaba ko ya kushe. Abin da ya faɗa a hira ko ya wallafa da kansa zaure ne, shi ya fito da shi, dole ya ɗauki nauyinsa. Lokacin da ƙungiyar MOPPAN ta kori Rahama Sadau a watan Oktoba na 2016 saboda fitowarta a bidiyon wata waƙa ta ClassiQ, mutane sun rabu a kan ko hukuncin ya yi tsanani, amma ko ba komai abin da ake gardama a kansa aiki ne da aka fitar don jama'a su gani. Wannan daban yake da bin diddigin dalilin da ya sa auren wata ya mutu, ko wace cuta ce ta ramar da wane, ko kuma yaɗa hoton da aka sato daga wayar mutum. Nan cikin gida ne. Talabijin ta shigo mana da ɗan wasa har ɗaka, sai muka ɗauka mu ma an ba mu izinin shiga nasa ɗakin, alhali mu muka kunna akwatin da hannunmu, shi kuwa bai buɗe mana ƙofa ba.

Addinin da mafi yawanmu ke bi bai bar wannan batu a duhu ba. Aya ta 12 ta Suratul Hujurat ta hana mummunan zato da binciken asirin mutane da cin naman wanda ba ya nan, kuma ba ta ware sanannu daga wannan kariya ba. Abin mamaki shi ne sau da yawa da sunan kare tarbiyya ake keta wannan hani. Mutum zai tura wa mutum ɗari labarin da bai tabbatar ba, ya rufe da neman tsari daga lalacewar zamani, bai lura cewa shi ma ya ƙara wa lalacewar hannu ba. Laifi tudu ne. Mata kuma su suka fi ɗanɗana wannan. 'Yar wasa in ba ta yi aure ba a ce ta ƙi aure, in ta yi a fara ƙirga mata watanni, in ta fito a ce dama an faɗa. Aure na mutuwa a kowace unguwa, har da layinmu, amma nata ne kaɗai ake mai da shi hujja a kan sana'a sukutum.

Akwai kuma wani gefen da ya fi damuna, wanda nake ganin shi ne ma'aunin gaskiyarmu. Idan da gaske 'yan wasa namu ne har muna da ikon yi musu hisabi, to namu ne kuma ranar da ƙarfi ya ƙare. A farkon 2022 dattijuwa Ladin Cima, wadda ta fara wasa tun zamanin wasannin talabijin na da, ta faɗa a shirin Daga Bakin Mai Ita na BBC Hausa cewa abin da ake ba ta a fim sau da yawa 'yan dubbai ne ƙalilan. Wasu masu shirya finafinai sun musanta, aka yi ta cacar baki, bayan 'yan makonni ƙura ta lafa, kowa ya kama gabansa. Karkuzu, wanda ya ba iyayenmu dariya shekara da shekaru, ya tsufa ido ya tafi, ba shi da gidan kansa, sai da bidiyonsa yana neman taimako ya zagaya wayoyi a 2023 kafin ɗan ƙwallo Ahmed Musa ya saya masa gida. Allah ya saka wa wanda ya yi. Amma a dubi abin da tsohon ya biya kafin taimakon ya zo: sai da ya zauna gaban kyamara ya nuna wa duniya makantarsa da rashinsa. Ɗan abin da ya rage masa na sirri shi ya miƙa. Al'ummar da ba ta jin kukan ɗan wasa sai ya mai da wahalarsa abin kallo, ba ta daina kallonsa a matsayin wasa ba ke nan har ƙarshe.

Dalilin wannan ba ɓoyayye ba ne. Akasarin 'yan wasanmu sau ɗaya ake biyansu, ranar aiki ko bayan an gama. Shirin na iya yin shekaru ana maimaita shi, ana sa talla a tsakiyarsa, ana ɗora shi a YouTube, mai fuskar bai sake ganin ko kwabo ba. Sana'ar ba ta da fansho, kuma fuska na tsufa. Ga shi sunan da ya yi ya zame masa dabaibayi: ana ganinsa a akwati cikin babbar riga da gidan bene na aro, don haka dangi da maƙwabta na zaton yana da shi, shi kuma kunya ta hana shi kama ƙaramar sana'a a bakin titi. Muna kiransu jarumai, kalmar da a da ake ajiye wa mazajen fama, amma jarumin da can in ya tsufa garinsa ke riƙe shi.

Saboda haka matsayina shi ne, haƙƙi da nauyi tare suke tafiya, ba a ɗaukar ɗaya a bar ɗaya. Abin da muke yi yanzu shi ne mu ce ɗan wasa namu ne in ya yi laifi, in kuma lalura ta same shi mu ce ai rayuwarsa ce, me ya yi da kuɗinsa. Karin maganar ladan kuturu ta hau kanmu kamar yadda ta hau kansa, domin mu ma mun ci: mun yi dariya, mun huce gajiya, mun koyi zaman duniya daga bakin waɗannan mutane. Askin da ke kanmu ba mai wuya ba ne. Tashoshi da masu shirya wasa su rubuta yarjejeniyar da za ta ba ɗan wasa kaso duk lokacin da aka sake cin moriyar aikinsa. Ƙungiyoyin sana'ar, da suka nuna suna da ƙarfin kora da dakatarwa, su nuna irin wannan ƙarfi wajen kafa asusun jinya da tsufa, ta yadda dattijo zai karɓi haƙƙinsa a rufe, ba tare da an ɗauke shi hoto ba. Shi ma ɗan wasa ya san cewa abin da ya fitar zaure da hannunsa ba ya komawa ciki, ya kuma rage da'awar malanta in ya san nishaɗi yake sayarwa, domin nishaɗi mai tsabta ba abin kunya ba ne.

Mu kuma masu kallo, namu ya fi sauƙi, ya kuma fi wuya. Mu yi wa aiki hukunci da duk tsananin da ya cancanta, mu tsaya a zaure. Idan labarin cikin gidan wani ɗan wasa ya faɗo wayarmu, mu tambayi kanmu ko shi ya fito da shi, ko kuwa ta katanga aka leƙo. Mutumin da ke bayan Samanja yana da suna, yana da iyali, ya yi aikin soja na gaske kafin ya sa kakin wasa, kuma akwai abubuwa da yawa na rayuwarsa da ya tafi da su ba mu sani ba. Hakan bai rage mana komai daga dariyar da ya ba mu ba. Waɗanda ke raye a cikinsu ma sun cancanci a bar musu wannan sutura.