Masana sun ce a dakata: sun yi daidai?

Ƴan'uwa, kowace damina masassarar cizon sauro tana kashe yara a ƙauyukanmu. In an samu allurar rigakafinta, daidai ne a ce a dakata?

Haka ta faru. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, tana da kwamitin masana masu ba ta shawara kan allurar rigakafi. A shekara ta 2015 sun duba wata allura mai suna RTS,S. Suka ga tana rage masassara, amma sai an yi wa yaro sau 4. Suka ga kuma wasu yaran da aka yi wa sun kamu da sanƙarau, ba a san dalili ba. Sai suka ce a fara gwadawa a ƙasashe kaɗan. Aka fara a Malawi da Gana da Kenya a 2019. Da aka yi wa yara fiye da dubu 800, aka ga tsoron bai tabbata ba. A 2021 OMS ta ce a ba yara. Nijar ta fara a Gaya a 2024.

Wani zai ce: shekara 6 ana jira, yara nawa aka rufe? Maganarsa tana da nauyi. Jinkiri ma yana cin rai.

Amma manomi ba ya shuka sabon iri a gonarsa duka. Yana gwada shi a gefe tukuna. Ita allura yaro mai lafiya ake yi wa. In ta cuce shi, uwarsa ba za ta koma gidan likita ba, ko don allurar ƙyanda. Sauri ya haifi nawa.

Kwamitin OMS shawara yake bayarwa. Ƙasashe da yawa suna da nasu kwamitin masana. Su ne ke duba wace cuta ta fi yawa, wace jiha za a fara, kuma ko akwai wurin ajiye allurar cikin sanyi. Sa'annan gwamnati ta yanke.

A ganina dakatawar daidai ce. Amma wanda ya ce a jira ya ɗauki amana. Wajibi ne ya faɗi dalilinsa a fili, cikin harshen da mutane suke ji. In shakka ta kau, kada ya ƙara ko kwana ɗaya.

Mu ma muna da namu hakki. Mu tambayi likita, mu saurari amsarsa, mu kai yara har su cika allurarsu.