Ladan Ƙwadago Ba Ya Sayen Rai

Da cutar korona ta game duniya a 2020, hukumomi suka ce kowa ya zauna gida. Amma fa ba kowa ne ya zauna ba. A Amurka, ran 28 ga Afrilu, Shugaba Trump ya sa hannu a kan umurnin cewa manyan mayankan nama su ci gaba da aiki. Ma'aikatan wuraren kuwa, da yawansu baƙi ne, har da Musulmi 'yan Somaliya, kafaɗa da kafaɗa suke wuni cikin ɗakuna masu sanyi, alhali masu dukiyar suna killace a gidajensu. A Oktoba 2021 wani kwamitin Majalisar Wakilan ƙasar ya bayyana cewa a kamfanoni 5 kaɗai, aƙalla ma'aikata 59,000 suka kamu, 269 suka mutu.

Mai kamfani zai ce ba wanda aka ɗaure aka kai, kowa da ƙafarsa ya zo, aka kuma biya shi. To, shin wannan yarda ta wanke shi?

A fiƙihu, abin da ake ƙulla ijara a kansa shi ne amfanin aikin mutum. Ransa kuwa amanar Allah ne, shi kansa ba shi da ikon sayar da shi, balle wani ya saya. Wanda kuma aka ba shi zaɓi tsakanin annoba da yunwar 'ya'yansa, da wuya a kira amsarsa yarda.

Lalle akwai hujja mai ƙarfi a ɗaya ɓangaren: in mahauta da direbobi suka ajiye aiki, gari zai kwana da yunwa. Ciyar da jama'a farillar kifaya ce. Sai dai wannan hujja ita ke kama mai kawo ta, domin farillar kifaya a wuyan kowa take, wanda ya tsaya ya yi ta kuwa ya sauke wa saura nauyi ne. Ke nan yana bin su bashin takunkumi, da tazara, da albashinsa in ya kwanta ciwo. Ya tabbata daga Abu Zarri cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana ɗora wa na ƙasa abin da ya fi ƙarfinsa, in kuwa an ɗora, a kama masa.

A annobar Amwas, shekara ta 18 bayan Hijira, Sayyidina Umar ya aika wa Abu Ubaida ya taho Madina. Ya nemi a yi masa uzuri, ya zauna cikin rundunarsa, nan ajali ya same shi. A mayankar kamfanin Tyson da ke Waterloo, jihar Iowa kuwa (aladu ake yankawa a can, amma masu yankan 'yan Adam ne), an zargi manyan wurin da yin caca a kan yawan ma'aikatan da za su kamu. A Disamba 2020 kamfanin ya kori 7 daga cikinsu.