Izini Ba Umurni Ba Ne

A Amurka, maharbi ba ya harbin barewa ko wani babban naman daji sai ya sayi takardar izini daga hukuma. Amma akwai waɗanda sukan biya kuɗin, su kwana a daji, dabba ta tsaya a gabansu, sa'an nan su sauke bindiga, su koma gida da takardar a aljihu. Ko asara suka yi?

Mu mazaunan Lugbe ya kamata mu auna tambayar nan. Kafin gwamnati ta ƙaura zuwa Abuja a 1991, yawancin wurin nan daji ne da gonakin Gbagyi. Yau gidaje sun cinye dajin, 'yan namun da suka rage kuwa, wuta da tarko suna binsu kowane rani.

Wani zai ce, "Mai iyali da yunwa fa?" Gaskiya ne, ba a hana mayunwaci abinci. Kubawar Shari'a 22:6-7 ta yarda a ɗauki 'ya'yan tsuntsu, amma ta umurta a saki uwar. Wato ka ci, amma ka bar iri.

Dubi raƙuman dawa na Kure a Nijar. A 1996 saura kamar 50. Da mutane suka janye hannu, suka kāre su, sai suka haura 600.

Ashe maharbin nan bai yi asara ba, ajiya ya yi wa jikokinsa. Iyaye, mu koya wa 'ya'yanmu cewa ba duk abin da aka yardar wa mutum ne ya wajaba ya yi ba. Ɗana kunama ƙarfin yatsa ne, sauke bindiga kuwa ƙarfin zuciya.