Zumunci a Ƙafa Yake

Da Bahaushe ya ga dama, da ya ce zumunci a zuciya yake, ko a jini. Sai ya zaɓi ƙafa, gaɓar da ta fi kowace shan ƙura da faso. Tun ina yaro nake jin wannan karin magana a bakin iyayenmu mata idan suna yi wa juna ƙorafin rashin ziyara, amma ban san nauyinta ba sai da baffana ya yi ritaya.

Malamin firamare ne. Ya kama aiki a yankin Danja a 1976, shekarar da gwamnatin tarayya ta buɗe shirin ilimin firamare kyauta, lokacin Danja tana cikin jihar Kaduna, don sai a 1987 aka yi jihar Katsina. Da ya cika shekara 35 yana aiki ya ajiye alli a 2011. Duk tsawon aikinsa bai taɓa fita neman abokin hira ba. Aikin ne ke kai shi cikin mutane, bana an tura shi Dabai, baɗi Tandama, ko'ina da abokan cin tuwo. Da aikin ya ƙare, ƙafar ta tsaya. Daga gida sai masallaci, sai tabarma a gindin darbejiya. Mutumin da muryarsa ke cika aji ya koma sai an yi masa magana uku kafin ya amsa ɗaya.

Rasuwa ce ta tashe shi. Wani abokin aikinsa ya yi jinyar wata biyu a ƙauyen da bai kai tafiyar awa ɗaya ba, kuma su Baffa ba su ji ba sai bayan sadakar uku. Alhali suna gaisawa a waya. Nan fa hikimar maganar take. Ka kira Bahaushe ko yana kwance rai a hannun Allah, "lafiya lau, alhamdu lillahi" zai ce maka. Kunya da tawakkali ba za su bar shi ya faɗi wani abu ba. Sai ka taka ka je za ka ga ƙafar da ta kumbura, da takardar maganin da aka ninke ƙarƙashin matashi ba a saya ba saboda fansho bai shigo ba, da rumbun da aka share tun kafin damina ta faɗi. Waya tana kawo abin da mutum ya yarda ya faɗa ne kawai.

A wurin ta'aziyyar suka yanke shawara, su bakwai, tsofaffin malamai da wani tsohon malamin gona. Asabar ɗin farko ta kowane wata, in an idar da sallar asuba, za su haɗu su taka zuwa gidan ɗaya daga cikinsu, musamman wanda ya kwana biyu ba a gan shi ba. Ba su raɗa wa abin suna ba, ba shugaba, ba kuɗin ƙungiya.

Na taɓa bin su da rani. Kowa da sandarsa, goro a aljihu, mai ciwon gwiwa a gaba don kada a bar shi baya. Muka bi bakin fadama, kwandunan tumatir jere suna jiran motocin Kudu, ƙamshin ruwan rake yana tasowa daga inda ake dafa mazarƙwaila. Ba mu yi taku ɗari ba sai wani magidanci mai furfura ya ajiye fartanya ya durƙusa: "Malam, barka da asuba. Ni ne ka koya wa lissafi a aji huɗu." Na ga fuskar Baffa ta washe yadda na daɗe ban gani ba.

Na ce, "Baffa, ga 'yan acaɓa, me ya sa ba za ku hau ba?"

Ya ce, "Ɗana, babur inda ka nufa kawai yake kai ka. Ƙafa kuwa tana biyawa da kai inda ba ka nufa ba."

Ba su Baffa kaɗai ke tattaki ba. A Ingila akwai ƙungiyar masu tattaki, Ramblers, tun 1935, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba dattawa shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako. Tafiyar wata-wata ba ta cika wannan mudu, gaskiya ne. Sai dai na lura wanda ya san Asabar na tafe ba ya yarda ya sangarce. Kullum yana ɗan zaga unguwa don kada ya ba abokai kunya.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda rashin tsaro ya taƙaita ƙafar mutane a kudancin Katsina. Akwai ƙauyukan da su Baffa suka daina zuwa, akwai aminan da suka koma sai waya, ba don son ransu ba.

Bana gwiwa ta kayar da Baffa, ko masallaci sai an riƙe shi. Asabar ɗin da ta wuce ina zaure na ji ƙarar sanduna a ƙofar gida, sannan sallama. Su huɗu suka rage masu iya takawa. Baffa ya ce in ɗauko babbar tabarma, in ce a ciki a dama kunu.