In Ɓera Da Sata, Daddawa Fa?

Mai karatu, in kana bin finafinan Amurka, wataƙila ka tuna shirin nan mai dogon zango, Homeland. A 2012 an nuna 'yan ta'adda sun kashe mataimakin shugaban ƙasa daga nesa, ta hanyar kutsawa cikin 'yar na'urar da aka dasa masa a ƙirji don daidaita bugun zuciya. Kada ka ce ƙaryar fim ce kawai. Tun 2007 likitan Dick Cheney, mataimakin shugaban Amurka na lokacin, ya sa aka rufe sashen da ke karɓar saƙo ta iska a irin wannan na'urar tasa, don gudun hakan.

A watan Mayun 2017 kuma, muguwar manhajar nan WannaCry ta kulle kwamfutocin asibitocin gwamnati da dama a Ingila, har aka soke ganin likita da tiyata kimanin 19,000. Abin takaicin shi ne, kamfanin Microsoft ya fitar da abin toshe wannan kafar tun watan Maris, amma asibitoci da yawa ba su sa ba.

To laifin wa? A fim amsar ba wuya: ga bos can, jarumi ya kama shi, shike nan. Mai kutse kam mugu ne, ba mai wanke shi. Sai dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Masu asibiti suna da hanzari. Injin hoton ciki ba wayar hannu ba ce da za ka kashe ka sabunta yadda ka ga dama. Marasa lafiya na layi, sau da yawa kuma sai kamfanin da ya ƙera ya amince kafin a taɓa manhajarsa. Gaskiya ne. Amma dubi wanda ke kwance an jona masa na'ura. Bai zaɓi injin ba, bai san an haɗa shi da intanet ba, ba shi da ikon rufe ƙofar. Amana ya bayar.

A ganina, duk wanda ya haɗa ran mutum da intanet, kamfani ne ko asibiti, ya ɗauki nauyin gadin wannan ƙofar har ranar da za a daina amfani da injin. Likitan da ya ƙi wanke hannu ba ma cewa laifin ƙwayar cuta ne kaɗai. Me zai sa mu yi wa wanda ya san akwai kafa, ya bar ta a buɗe, wani hukunci daban?