Bashin Da Ba A Ganin Mai Shi

Hausawa ba su kiran abin da ya shigo hannun mutum daga hannun wani da suna guda. In ka karɓi gatarin maƙwabcinka ka sare itace ka mayar masa da abinsa, wannan aro ne. In ka karɓi tiya biyar ta gero ka ci, kaka ta yi ka auna masa wata tiya biyar, wannan rance ne. In kuwa ya miƙo maka ya ce riƙe, to, kyauta ce, ba abin da ke kanka sai godiya. Kowane yaro ya san wannan bambanci tun bai isa a aike shi kasuwa ba. Amma ga shi a shekarar 2020, sa'ad da Gwamnati ta fito da kuɗi don masu ƙananan sana'o'i, sai bambancin nan ya shige wa manya masu gemu duhu. Abin da na ke so mu duba ke nan, musamman yadda ya shafi mutanen Anka da Gummi da Bukkuyum, a yammacin ƙasar Zamfara.

Mai karatu zai tuna ran 27 ga Fabrairu 2020 aka sami mutum na farko mai cutar korona a Nijeriya, a birnin Ikko. Kafin ƙarshen watan Maris an rufe makarantu, a watan Afrilu aka kulle Kano, daga nan aka hana zirga-zirga tsakanin jiha da jiha. A ƙasashen nan uku ba cutar kanta ce ta fi taɓa jama'a ba, tsayawar ciniki ce. Mai sayar da yadi a Gummi ba shi da hanyar zuwa Kantin Kwari ya saro kaya, ga azumi ya kama, ga Salla tafe. Tela yana zaune bakin keke ba ɗinki. Matar da ke suyar ƙosai ƙofar makaranta ta kife tukunyar suyarta. Wannan kuwa bisa kan wahalar da ta riga ta samu ne, don tun 2019 aka hana haƙar zinariya a Zamfara, aka kuma rufe iyakokin ƙasa, ga 'yan bindiga sun tare hanyoyin ƙauyuka.

Ana cikin haka, a watan Maris ɗin nan, sai Babban Bankin Nijeriya, zamanin da Godwin Emefiele ke shugabancinsa, ya ware Naira miliyan dubu 50, ya danƙa wa ƙaramin bankin NIRSAL ya ba da rance. Magidanci yana iya karɓar har Naira miliyan 3, mai sana'a kuwa har miliyan 25. Kuɗin ruwa kashi 5 cikin 100 ne a shekara da farko, da sharaɗin daga baya ya koma kashi 9. Ta intanet a ke cika takarda, a sa lambar BVN, watau lambar nan da ke haɗa dukan asusun da mutum ke da shi a bankuna. Akwai kuma wani asusu dabam, na Naira miliyan dubu 75, wanda kwamitin Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya tsara, inda aka riƙa ba masu sana'ar hannu da direbobi Naira 30,000 kowane. Wannan na biyun kyauta ce tsantsa. Na farkon kuwa bashi ne, haka aka rubuta a takardar da kowa ya amince da ita kafin kuɗi su shigo. Amma a bakin jama'a duka biyun suna ɗaya aka ba su, wai kuɗin korona.

Na taɓa zama a rumfar wani dattijo mai sayar da hatsi a Gummi cikin kwanakin nan, sai ga ɗan ƙanensa ya zo da waya a hannu, ya gaishe shi, ya ce, "Baba, ba ni lambarka in cika maka, mutane suna ta samu."

Dattijo ya ce, "In na karɓa, da me zan biya, ɗana? Ka ga ciniki?"

Yaro ya yi dariya ya ce, "Haba Baba, wa ya ce maka ana biya? Kuɗin Gwamnati ne fa. Sun ci namu shekara da shekaru, yau Allah ya kawo rabonmu."

Dattijo bai ba da lambar ba, bai kuma yi masa gardama ba, ya ci gaba da awonsa. Ni dai na tashi da maganar yaron nan a raina, don ba maganar wawa ba ce. Mutane masu hankali da yawa haka su ke gani, kuma suna da abin nunawa. Wanda ya binne ɗansa a Bagega ko Yargalma a 2010, shekarar da gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙasashen Anka da Bukkuyum, ya ga likitocin ƙungiyar MSF sun taso daga ƙasashen waje sun tsaya kan yaran, in ya ce Gwamnati ba ta biya shi hakkinsa ba, wa zai ƙaryata shi? Wanda ya sayar da shanun huɗarsa ya fanso matarsa daga daji, me za ka gaya masa a kan hakkin hukuma? Ban ga laifin mai jin haushi ba. Abin tambaya shi ne, ko haushin nan yana mai da rance kyauta?

Mu fara da kalmar rabo. Rabo da awo a ke yinsa. In aka ɗauki Naira miliyan dubu 50 ɗin nan aka raba wa mutanen Nijeriya, a ce su miliyan 200 ne, kowa Naira 250 za ta same shi. Wanda ya karɓi Naira 500,000 ya ce rabonsa ne, ya haɗa da rabon mutum 2,000 ke nan, cikinsu har da makafi da marayu da tsofaffin da ba su taɓa riƙe waya ba. Dalilin da ya sa aka yarda mutum ɗaya ya riƙe na mutum 2,000 shi ne zai juya ya mayar, a ba na bayansa. Da ya ƙi mayarwa, ba Ministan da ya ke zargi ya cuta ba, don shi Minista ko a jikinsa. Maƙerin da ke bayansa a layi ya cuta. In rumbun gari ne, sarkin noma ya ɗebi dami goma da dare, ba wanda zai ce sabo da haka ya halatta kowane magidanci ya je ya ɗebi nasa. Sai dai a ce ɓarayi sun ƙaru, rumbu kuwa ya ƙare da wuri.

An ma riga an ga irin wannan kusa da gida. A watan Nuwamba 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe shirin ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi, maƙwabtan mutanen Gummi. Da yawa sun noma sun biya, da yawa kuma sun lashe. Duk wanda ya lashe, ya ba masu cewa talakan Arewa ba a ba shi amana hujja, a kyauta.

Sai maganar riba. Zamfara ce jihar da ta fara shelar komawa ga shari'ar Musulunci, a watan Oktoba 1999, mutanenta kuwa ba su wasa da zancen kuɗin ruwa. Akwai masu sana'a da yawa da suka ji an ce kashi 5, suka ce ba su ba wannan kuɗi, ko da za a rufe shago. Waɗannan na girmama su, kuma sabo da irinsu ne Babban Banki ya fito daga baya da tsarin da ba ruwa a cikinsa. Amma akwai wata fatawa da na ji tana yawo a bakin shaguna, wadda ba malamin da ya ba da ita: wai tun da biyan ruwa haram ne, sai a karɓi kuɗin a ƙi biya gaba ɗaya, an tsira daga riba ke nan. Jama'a, ku dubi wannan wayo! Mutum ya ji tsoron Allah a kan kashi 5, bai ji tsoronsa a kan kashi 100 ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa masa shaidu ta sauka. Malamai kuma suna karantar da mu cewa an taɓa kawo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, gawar wani mai bashi, bai sallace ta ba sai da Abu Katada ya ɗauki nauyin biya.

A ganina, wurin da al'amarin ya ke yankewa shi ne niyyar mutum ran da ya sa hannu. Wanda ya zauna ya yi lissafi, ya ce keken ɗinki biyu da injin wuta za su fitar da kaza a wata, zan biya kaza, wannan ɗan kasuwa ne, ko ya ci riba ko ya faɗi. Wanda kuwa ya amince da sharaɗin biya alhali zuciyarsa ta riga ta ƙudurta ba zai biya ba, ya yi ƙarya tun kuɗin ba su shigo ba. Ƙara aure da ya yi da su, ko babur da ya saya, duk reshe ne. Na san za a ce 'yan tsakani sun yanki nasu kafin kuɗin su kai hannun mai su, musamman ga wanda bai iya karatun boko ba, ya ba wani ya cika masa. Haka ne, zalunci ne kuwa babba, mutum ya karɓi bakwai a rubuta masa goma. Amma ko shi bakwai ɗin da ya shiga aljihunsa ba su zama kyauta ba.

To, wannan gefe ɗaya ke nan. Da zan tsaya nan da na zalunci mutanen da na ke magana a kansu, don ƙin biya dabam, kasa biya dabam.

A ce ga mai shago a wani ƙauyen Bukkuyum, ya karɓi rancen da kyakkyawar niyya a ƙarshen 2020, ya cika shago da kaya. A watan Satumba 2021 Gwamna Bello Matawalle ya rufe kasuwannin mako-mako, aka kuma katse layukan waya a jihar duka, don a matsa wa 'yan bindiga. Ko dabarar ta yi amfani ko ba ta yi ba, mai shago dai ba ciniki. A farkon Janairu 2022 aka auka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum, aka kashe mutane masu yawa, aka ƙone gidaje da rumbuna, waɗanda suka tsira suka yi gudun hijira. In shagon mutumin nan yana cikin abin da ya ƙone, me za a kira shi? Hukumar da ta ba shi rance ita ce aka ɗora wa tsaron shagon. Surar nan da ta yi umurni a rubuta bashi, ita ce kuma, a aya ta 280, ta yi umurni a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya sami sauƙi, ta nuna yafewa ta fi.

Ga inda na ke ganin an yi kuskure daga sama. Tun ran 1 ga Agusta 2020 Babban Banki ya kafa ƙa'idar da ta ba bankuna iznin su bi lambar BVN ta mai bashi, su cire abin da su ke binsa daga kowane asusu nasa a kowane banki. Ga wanda ya ci ya goge baki, wannan daidai ne, ban tausaya masa ba. Amma na'ura ba ta tambaya. Ba ta san kuɗin da suka shigo asusun mutum ribar kasuwa ce, ko kuwa gudummawa ce 'yan'uwa suka tara masa ya sayi hatsi a wurin hijira. Alƙalin da ya san aikinsa, in aka kawo masa mai bashi, sai ya bincika ko mawadaci ne mai taurin kai ko matsattse ne, ya nemi shaidu, kowa ya yi masa hukuncin da ya dace da shi. Shaidun nan kuwa ba su da wuyar samu. Dagaci ya san wanda aka ƙone wa shago, liman ya sani, sarkin kasuwa ya sani. Haka nan sun san wanda ya yi amarya da kuɗin korona.

Wanda ya ke da hali yana ta jinkiri kuwa, ya kamata ya san an riga an rage masa da yawa ba da ya roƙa ba. A 2020 Dalar Amurka ba ta kai Naira 400 a farashin Gwamnati ba, a 2024 ta haura 1,500. Wanda ya ranci kuɗin buhu goma, in ya mayar da adadin nan yau, ba su sayen buhu goma. Jama'a ce ta ɗauki hasarar, shi kuwa har yanzu yana cewa an matsa masa.

Abin da ya sa bashin nan ya fi na maƙwabci nauyi a wurina, ko da ya ke mutane sun ɗauke shi ya fi sauƙi, shi ne ba a ganin mai shi. In Bahaushe ya ci bashin abokinsa ya kasa biya, yana iya ɗaukar dattijo su tafi da dare, ya durƙusa ya ce a yafe masa, sau da yawa kuwa a kan yafe. Wanda ya ci na jama'a, ƙofar wa zai je ya yi sallama? A garuruwanmu in an kawo gawa za a yi salla, a kan yi shela a ce duk mai bin marigayi bashi ya yi magana, ko ya sami magada, don shari'a ba ta yarda a raba gado ba sai an fitar da bashi. Mai goro zai matso ya faɗi nasa, mai taki ya faɗi nasa, wani ya ce ya yafe. Ba wanda zai fito daga cikin sahu ya ce shi ne wakilin mutum 2,000 ɗin nan. In marigayi bai rubuta ya ajiye tare da takardun gonarsa ba, bai kuma gaya wa babban ɗansa ba, sai a yi shiru kaɗan, liman ya ɗaga hannu ya yi kabbara.