Gani Ya Kori Ji? Tsokaci a Kan Labaran Baƙi Daga Wata Duniya

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. To, idan kuma ji ne ya koya wa ido abin da zai gani fa?

Ranar 24 ga Yuni, 1947, wani matuƙin jirgin sama Ba'amurke, Kenneth Arnold, ya ce ya hango wasu abubuwa tara suna sheƙa gudu kusa da Dutsen Rainier. Daga baya ya bayyana cewa tafiyarsu ce ya kwatanta da farantin da aka wurga yana tsalle a kan ruwa. 'Yan jarida kuwa suka mai da kwatancen tafiya ya zama siffa. Cikin 'yan makonni, ɗaruruwan Amurkawa suka ba da rahoton ganin faranti mai tashi, wasu har suna danganta shi da baƙi daga wata duniya.

Rundunar sojan saman Amurka ta tattara irin waɗannan rahotanni 12,618 daga 1947 zuwa 1969, kuma 701 ne kawai aka kasa tantancewa. Kasa tantance abu bai zama hujjar zuwan baƙi ba.

Ba mu ce shaidun nan maƙaryata ne ba. Mutum yana iya rantsuwa tsakaninsa da Allah, alhali idonsa ya yaudare shi. Nauyin yana wuyanmu, mu masu ji mu ƙara gishiri mu kai gaba. Bakin mutum dubu da suka ɗauko zance daga majiya guda, shaida ɗaya ce tak. Kafin mu yaɗa labari, ya kamata mu tambayi kanmu: mutumin nan gani ya yi, ko kuwa abin da ya ji ne ya gani?